Yadda ake gane ko antibirus ɗinka yana kama birus

A Yamai kile USB guda tana shiga kwamfutoci da dama a yini ɗaya, daga shagon fotokopi zuwa ofis, daga ofis zuwa gida. Wata rana sai ka buɗe ta ka tarar dosiyoyinka sun rikiɗe, kowanne da ƴar kibiya a gindinsa, takardun kuma sun ɓuya. Alhali alamar antibirus tana nan kore shar a kusurwar allo. Koren nan ba shaida ba ne, shi ya sa ake gwadawa.

Fara da duba ranar da aka sabunta antibirus ɗin. Idan kwamfutarka Windows 10 ce ko 11, antibirus mai suna Microsoft Defender yana ciki tun asali, kuma yana nuna ranar. Antibirus da ya yi wata uku bai sha intanet ba makaho ne ga sabbin birus, komai girman sunansa. Na san mega tana da tsada, amma a nan bai kamata a yi rowa ba. Wanda mai gyara ya saka maka da lasisin sata kuwa, sau da yawa ba ya sabuntuwa sam.

Daga nan sai gwajin EICAR. Ƙaramin fayil ne mai haruffa 68 wanda ba ya cutar da komai, amma kamfanonin antibirus sun yarda su ɗauke shi tamkar birus. Sauke shi daga shafin EICAR. Antibirus mai aiki zai cafke shi nan take. Gwada kuma wanda aka dunƙule cikin zip. Idan shiru ka ji, kariyar a kashe take ko ta lalace. Sai dai gwajin nan yana nuna cewa mai gadi a farke yake kawai, bai nuna ƙarfinsa ba.

Ƙarfin kuwa ba a gida ake auna shi ba. Kada ka kuskura ka sauke birus na gaske don gwaji. Akwai masu wannan aiki: AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. AV-TEST tana ba da maki 6 kan kariya, 6 kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 kan sauƙin amfani, jimilla 18. Duba sakamakon watanni da yawa a jere, ka fi mai da hankali kan sabbin birus da ba a riga an san su ba, don tsofaffi kusan kowa yana kama su. Ka duba kuma sau nawa ya yi wa fayil mai lafiya ƙazafi. A ganina wannan babban aibi ne: wanda ya cika ihun banza, mai shi kan gaji ya kashe shi.

In wani fayil ya ba ka shakka, ɗora shi a shafin VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda antibirus kusan 70 za su duba shi lokaci guda. In galibinsu sun kama, naka bai kama ba, ka canza shi, amma ka cire tsohon tukuna, don biyu a kwamfuta ɗaya rikici suke yi. Kada ka ɗora katin shaida ko takardun aiki a can, domin masu binciken tsaro suna iya samun abin da aka ɗora.