Yadda ake sarrafa mazarƙwaila a girki da abin sha

Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka tafasa har ya yi kauri ya daskare, ba tare da an raba shi da baƙin maɗin da ake cirewa wajen yin farin sukari ba. Wannan maɗin ne ke ba ta launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi da danshi. A Indiya ana ce wa irinta gur, a Kolombiya kuwa panela.

Abin da na fi ba da shawara shi ne a narka ta tun kafin buƙata ta taso. A kankare ta da wuƙa, a auna kofi ɗaya, a zuba ruwa kofi ɗaya, a ɗora a kan wuta kaɗan ana juyawa har ta narke, ana kwashe kumfar da ke tasowa. Daga nan a tace da ƙyalle mai tsabta, domin sau da yawa za a ga ɓurɓushin rake ya kwanta a jikin ƙyallen. Idan ta huce a ɗura a kwalba a sa a firji. Wannan ruwan yana shiga abin sha mai sanyi nan take, inda dunƙulen zai zauna a ƙasan kofi bai narke ba.

Wajen madara sai an yi hattara. Mazarƙwaila tana da ɗan tsami, saboda haka idan aka tafasa su tare madarar kan tsinke. A sauke tukunya, a bari ta sha iska, sannan a zuba.

A kek da biskit tana riƙe laushi fiye da farin sukari. A gashin nama kuwa a shafa ta can ƙarshe, domin tana saurin ƙonewa ta koma ɗaci. A adana ta a mazubi mai murfi nesa da laima.

Sinadaran ƙarfe da ke cikinta kaɗan ne, kuma mai ciwon sukari ya ɗauke ta tamkar farin sukari. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, sukarin da ake ƙarawa ya kasance ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, kuma mazarƙwaila tana cikin wannan lissafin.