Yadda ake samun lasisin koyar da ƙananan yara ta hanyar jami'a

Kafin ka biya kuɗin rajista a kowace jami'a, nemi hukumar da ke ba malamai lasisi a inda kake son yin aiki, ka duba ko ta amince da kwas ɗin. Jami'a na iya yin suna, amma digirinta ya tsaya kan girman yaro da halayyarsa kawai, babu koyarwa a aji. Irin wannan ba ya kai mutum ga lasisi, kuma wasu sai a shekarar ƙarshe suke farga. Duba kuma shekarun yaran da lasisin ya shafa. A wurin UNESCO, matakin ƙananan yara daga haihuwa ne zuwa shekara 8, amma wani lasisin a shekara 5 yake tsayawa.

Digirin yakan ci shekara 3 ko 4. A farko za a cika ka da sunaye: Froebel, Bajamushen da ya raɗa sunan kindagatin (makarantar ƙananan yara) a 1840, Maria Montessori da ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum a 1907, sai Piaget da matakan tunanin yaro. Karanta su duka saboda jarrabawa. Amma Vygotsky za ka riƙe da kyau, domin shi ya yi bayanin tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan an ɗan kama masa. Kullum a cikin wannan tazara za ka yi aiki.

Sai koyarwar gwaji, inda na fi ganin ɗalibai masu maki mai kyau suna tuntuɓe. Ɗalibi zai kwana yana tsara darasin rabin awa kan launuka, ya tara 'yan shekara 3 a ƙasa, ya fara bayani. Kafin ya kai launi na biyu, ɗaya ya kwanta, biyu na rigima kan takalmi, wata tana neman bayan gida. Yanke zaman ya zama gajere, ka rage surutu, ka sa abu a hannunsu. In za ka yi wa yaro magana, durƙusa idonka ya yi daidai da nasa. Umarni ɗaya a lokaci guda: "ajiye kofin", sannan "zo nan".

Abin da ba kowa ke shirya wa ba shi ne lokacin sauya aiki, daga wasa zuwa wanke hannu, daga cin abinci zuwa barci. A nan aji ke hargitsewa, kuma a nan mai duba ka yake zuba ido. Rubuta waɗannan mintuna a cikin tsarin darasinka kamar sauran: wace waƙa, wa zai fara tashi, kai ina za ka tsaya.

Haka rubutun lura da yaro. "Yana da taurin kai" hukunci ne, za a mayar maka da shi. Rubuta abin da ido ya gani: ya ture farantin sau biyu, ya ce "ba na so", ya shige ƙarƙashin tebur. Saka rana da lokaci, kada ka rubuta cikakken sunansa, kuma kada ka ɗauki hotonsa da wayarka.

Yawanci ba a biyan ɗalibi a wannan zango, don haka tanadi kuɗin mota tun da wuri. Kada ka ɓata kuɗi kan kayan Montessori masu tsada, kwali da murafun kwalba sun isa koyar da ƙirga, sai dai kada ka bai wa 'yan ƙasa da shekara 3 duk abin da zai iya maƙale musu a wuya. Takardar awoyin da ka yi a aji kuwa, malamar ajin ta sa maka hannu duk mako. Tana iya barin aiki kafin ka gama.

Sauran duk takardu ne: binciken 'yan sanda cewa ba ka da laifi, shaidar horon taimakon gaggawa na jarirai da yara, jarrabawar lasisi in akwai (jihohin Amurka da dama Praxis suke amfani da ita), sannan ka miƙa buƙatarka. Lasisi da yawa suna da wa'adi, rubuta ranar sabuntawa.