Yadda za ka haɗa kibod na makanikal mai ruwan madara da huluna masu launi a Legas

Launin tsofaffin kwamfutocin ofis, wanda ba fari ba kuma ba ruwan ƙasa ba, ya dawo yayi. Matsalar ita ce idan ka shiga Computer Village a Ikeja ka ce kibod na makanikal kake nema, wato wanda kowane madanninsa ke da nasa ɗan inji, yawanci baƙi za a jero maka, masu walƙiyar fitilu irin na 'yan gem. Mai ruwan madara sai an tona. Amma launi shi ne abu na ƙarshe da za ka damu da shi, domin hulunan madannai ana cire su a sauya. Abin da ke ƙarƙashin hular shi ne kuɗinka.

Fara da yanke girman da kake so. Cikakken kibod yana da madannai 104. Wanda aka yanke wa ɓangaren lambobi na dama yana da 87, sai ƙananan da ake kira 75%, 65% da 60%, na ƙarshen madannai 61 kacal. Mai lissafi a shago ko mai aiki da Excel ya tsaya kan cikakke. Ƙananan sun fi sauƙin kuɗi da ɗauka a jaka, Royal Kludge RK61 misali ne da ya yi suna, kuma akwai farinsa.

Sai suwic, wato ƙaramin injin da ke ƙarƙashin kowace hula. Da launi ake bambanta su: ja yana sauka sumul, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji, shuɗi kuma ƙas-ƙas yake yi da ƙarfi. Idan ɗaki ɗaya kuke kwana da 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, kuma da dare kake aiki, ka bar shuɗin nan, zaman lafiya ya fi.

A nan ake cutar mutane, saboda haka ka nutsu. Kada ka biya sai ka ce wa mai shago, "Oga, cire min hula ɗaya in gani." Idan ka ga ɗan ƙaramin kai mai siffar alamar + a tsakiya, to samfurin Cherry MX ne, na kamfanin Jamus, wanda Gateron, Kailh da Outemu suke kwaikwaya, kuma kusan duk hulunan da ke kasuwa a kansa ake yin su. Idan roba ka gani mai kama da ɗan murfi, kibod ne na gama-gari da aka yi wa ado, ko da kwalin ya ce yana da "mechanical feel". Mai shagon da ya ƙi a cire hula ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma tambaya ko hot-swap ne, wato ana zare suwic a sa wani ba tare da walda ba. Ranar da harafi ɗaya ya mutu za ka gane amfaninsa. Daga nan a jona shi da kwamfuta, ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. Masu tare mutum a bakin titin Otigba na Computer Village kuwa ka wuce su, ka shiga shago mai rasit.

Tokumbo fa, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje? A Ikeja da kasuwar Alaba ana cin karo da tsofaffin kibod masu ainihin launin da kake so, amma mafi yawansu na roba ne. Ko IBM Model M na shekarun 1980 ka yi sa'ar samu, daɗin rubutu dai akwai, sai dai hulunan zamani ba sa hawa kansa, kuma bakin wayarsa sai da adafta. Wani tarko kuma shi ne kayan Ingila: madannin Enter ɗinsu dogo ne mai lanƙwasa, alhali yawancin hulunan araha na tsarin Amurka ne, mai Enter a kwance.

Idan ba a samu jiki mai ruwan madara ba, ɗauki fari. Da zarar huluna sun hau, ido ba ya raba su. A Jiji, Jumia ko AliExpress rubuta retro, cream ko beige. Rubuta 9009 ma, sunan wani haɗin launi ne na madara da toka mai ɗigon kore da ruwan hoda, kuma akwai kwaikwayonsa masu rahusa. Na Jiji, ku haɗu a wuri mai jama'a, ka gwada kafin ka tura kuɗi.

Wajen huluna, nemi na robar PBT. Ta ABS takan yi sheƙi saboda maiƙon yatsa, da gumin Legas kuwa ba a daɗewa. Rubutun ya zama dye-sub ko double-shot, su ne ba sa gogewa. Kafin ka yi oda, buɗe hoton saitin ka duba abu biyu: dogon madannin tazara, wanda galibi 6.25u ne (u ɗaya faɗin madannin harafi guda ne), da Shift na dama, wanda a kibod 65% da 75% yakan zama gajere, 1.75u. Saitin da ba shi da wannan gajeren zai bar maka giɓi. A ganina ba sai ka cika kibod da launuka bakwai ba. Bar haruffa a ruwan madara, ka ba Esc ja, Enter kore, kibiyoyi rawaya, ya wadatar.

Ranar sauyawa, ɗauki hoton kibod ɗin da waya tukuna, don kada ka rasa gurbin wani harafi. Yi amfani da abin cire hula na siririn ƙarfe, ka ja sama a miƙe. Dogayen madannai a hankali, suna da maƙalai a gefe biyu. Share ƙurar ciki da buroshi, ka danna sababbin har su zauna daram. Teburin kuma kada ya kasance inda rana ke dukansa ta taga, domin jikin kibod mai haske yakan rine ya koma rawaya.