Yadda ake kiyaye goɗiya mai ciki da ɗanta daga yawan aidin

Sau uku ke nan ina ganin abu ɗaya a bargar masu fara kiwon dawaki a nan Maradi: goɗiya ta haifi duƙushi da maƙoƙo, mai ita ya ce ƙarancin aidin ne, ya je ya ƙaro mata. Abin da ba su sani ba, yawan aidin ma yana kawo maƙoƙo, kuma da ido ba ka raba shi da na ƙaranci.

Da farko ka riƙe awo. Doki mai kilo 500 miligiram 3 da rabi zuwa 4 na aidin yake bukata a rana, namu kuwa galibi ba su kai wannan nauyin ba. An ga maƙoƙo a jikin ƴaƴan goɗiyoyin da ke cin miligiram 35 zuwa 40 a rana. Uwar tana iya zama garau, domin mahaifa ce ke tattara aidin ta kai wa ɗan, bayan haihuwa kuma nono ya ci gaba da kai masa.

Sai ƙidaya, kuma nan aka fi faɗuwa. Ka fito da duk abin da ke shiga bakin goɗiyar ka jera a tabarma: dutsen lasa, garin bitamin, ruwan ƙarin ƙarfi, har abin da yaron barga ke ba ta ba da saninka ba. Harawa da dusa da gero ba su ne abin tsoro ba. Gishirin miya mai aidin ma, ɗan abin da ake barbaɗawa a dusa bai kai ko kusa ba. Haɗarin yana cikin gwangwanayen da ake sayowa don doki ya yi sheƙi kafin hawan salla. Ka duba takardar jiki. Na Faransanci za ka ga an rubuta iode, wanda muke cewa iyod. In ka ga algues, wato ciyawar teku, ka ajiye shi gefe. Ita ce ta fi kowa laifi, kuma yawan aidin ɗinta yana bambanta daga wannan buhu zuwa wancan. Lissafin ba wuya: in takarda ta ce miligiram 500 a kilo, kai kuma kana zuba giram 50 a rana, ka ba ta 25 ke nan daga gwangwani guda. Ka haɗa da na biyu da na uku ka ga inda ka kai. Ni a bargata goɗiya mai ciki abu ɗaya take samu, dutsen lasa ko gari, ba duka biyun ba. Wanda ba shi da takarda, ko wanda aka ƙulla a leda a kasuwa, ba ya shiga komin goɗiya ko da kyauta ne. Kuɗin gwangwanin nan ka sayi harawa da su tun kaka, kafin ta yi tsada.

Akwai wata ƙofar da na taɓa shiga da kaina. Goɗiyata ta kamu da ƙurajen nan masu bin jijiya a jere suna fashewa, aka ba ni farin garin da ake jiƙawa a ruwa, potasiyom ayodaid, ban faɗi cewa tana da ciki ba, ba a kuma tambaye ni ba. Giram 1 na garin nan yana ɗauke da aidin kusan miligiram 760, kuma da giram-giram ake ba da shi kullum. Idanunta suka riƙa hawaye, hanci na yoyo, fata na ɓarewa kamar amosani, na ɗauka harmatan ne. Ɗan ya zo da wuya a kumbure, ƙafafu a lanƙwashe, bai iya tsayuwa ya kama nono ba, kwana biyu ya mutu. Har yau abin yana ci mini rai. Saboda haka kafin kowane magani, ka fara gaya wa likitan dabbobi an bai wa goɗiyar ingarma, da watan da aka ba ta. Cikin goɗiya wata 11 ne, ka rubuta ranar a bango.

In ka ga waɗannan alamu na hawaye, yoyon hanci da ɓarewar fata, ka tsayar da duk wani ƙari nan take, ka bar ta da ciyawa, hatsi da ruwa.

Ranar haihuwa ka shafa maƙogwaron duƙushin ta gefe biyu, can sama kusa da muƙamuƙi. Ka lura ko ya miƙe cikin awa ɗaya, ya sha nono cikin biyu. Ruwan aidin da ake sa wa cibiya, a tsoma kututturen kawai, kar a yi masa wanka da shi. In akwai kumburi, ka kira likita ka nuna masa gwangwanayen duka, shi zai ce ko ɗan ya ci gaba da shan nonon uwar. Ƙaramin maƙoƙo yakan saɓe bayan an janye aidin, amma ƙafafun da suka lanƙwashe suna bukatar likita ya gan su tun satin farko.