Wasan zane a tsakar gida ga ƙananan yara lokacin bazara

Iyaye masu yara 'yan shekara 1 zuwa 3, ga hanya mai sauƙi ta shagaltar da su a bazara ba tare da an sayi fenti ba. Ku dama kamu ya yi kauri kamar koko, ku bar shi ya huce sarai, sannan ku raba shi a ƙananan kwanoni. A wani ku zuba ruwan zoɓo mai kauri ya ba da ja, a wani ku barbaɗa kurkum ya ba da rawaya. Alfanun wannan haɗi shi ne duk abin ci ne, domin yaro mai waɗannan shekaru da wuya ya taɓa abu bai kai baki ba.

Ku shimfiɗa tsohon kwali a inuwar darbejiya, ku tuɓe wa yaron riga saboda kurkum yana kama tufafi ƙwarai, ku ƙyale shi ya tsoma hannu ya dangwala yadda ya ga dama. Kada ku matsa masa ya zana wani abu takamaimai, domin abin da yake koya shi ne santsi da sanyin da yake ji a tafin hannu, da yadda launi yake sauyawa idan ja ya haɗu da rawaya. Ranar da babu sukunin damu, soso da ruwa zalla sun isa ya shafa a bangon siminti.

A Kano da Sakkwato zafin Afrilu yakan haura digiri 40, saboda haka a yi wasan da sanyin safiya ko bayan la'asar, a kuma taɓa daɓen da hannu kafin yaron ya taka. Kada a bar shi shi kaɗai kusa da bokitin ruwa, ko da ruwan kaɗan ne.