Darasi na 7: Jariri Mai Kuka a Kujerar Mota

Karatu

Mai jego ta gama wanka. Maigidanta ya fito da mota zai kai ta yawon arba'in Tambuwal, mahaifiyarsa na biye da su. An ɗaure jariri a kujerarsa ta mota a baya. Ko Bodinga ba su kai ba, yaro ya tsandara kuka.

"Kwance shi ki miƙo min in rungume shi," in ji Inna.

"Inna, ki yi haƙuri, bari in samu inuwa mu tsaya tukuna," in ji ɗanta.

Ya gangara gefen titi, ƙarƙashin wani dogon yaro. Uwar ta sa hannu a bayan wuyan jaririn, ta ji shi sharkaf da gumi. Ga hula, ga safa, ga rigar sanyi, ga shawul an lulluɓa masa. Ta rage masa kaya, ta ba shi nono, ta kwantar da shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Kafin su tashi barci ya ɗauke shi.

Bayani

Tausayi ne ya sa Inna ta nemi a kwance shi, amma ɗanta ne ya yi daidai. Idan direba ya taka burki da ƙarfi, ko aka yi karo, hannun mutum ba ya iya riƙe jariri komai ƙarfinsa. Don haka ba a fitar da yaro daga kujerarsa mota na tafiya, ko don shayarwa. A tsaya a wuri mai kyau, sannan a ɗauke shi.

A nan Sakkwato, abin da za a fara zargi shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, cikin mota kuma ya fi waje. Jikin jariri na ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, mu kuma mun saba da dunƙule shi cikin kaya don gudun sanyi. Riga ɗaya ta auduga marar nauyi ta isa. Kafin a zaunar da shi a taɓa ƙarfen bel ɗin, domin motar da ta sha rana ƙarfenta na iya ƙona fata. Kada a rufe kujerar da zani don tare rana. Zanin na tare iska, zafi ya taru a ciki. Gara a sa abin inuwa a gilashi. Wanda ya samu hali ya yi sammako. Kuma kada a bar jariri shi kaɗai a mota, ko da sayen ruwa za a shiga.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a ba shi ruwa ko da ana tsananin zafi. Nono ya wadatar, a yawaita ba shi.

Sai zamansa. Kujerar tana baya, fuskar yaro na kallon bayan mota. A kishingiɗar da ita yadda kansa ba zai rinjayo kan ƙirji ba, don hakan na takura numfashi. Bel ya kama jiki, kada ya murɗe. A duba nafkin ko ya jiƙe. Babba ɗaya ya zauna kusa da shi yana yi masa magana, domin muryar uwa kaɗai takan lallashe shi. A doguwar tafiya kada a wuce awa 2 ba a fito da shi ya miƙe ba. Sabon haihuwa ma a tsaya tun kafin haka.

Akwai kukan da ba na mota ba ne. Idan jikinsa ya yi zafi da zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko numfashi na yi masa wuya, ko maɗigarsa ta faɗa, a fasa tafiyar a nufi asibiti mafi kusa.

Tambayoyi

1. Me ya sa maigida bai yarda a kwance jariri nan take ba?
2. Ina uwar ta taɓa ta gane zafi ne?
3. Rubuta alamomi biyu da za su sa a tafi asibiti.

Aikin gida: Rubuta jimla uku da za a faɗa wa kaka cikin ladabi idan ta nemi a ba ta jariri mota na tafiya.