Darasi na Bakwai: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A wannan darasi za mu koyi rubuta kuɗin da ke shigowa gida da kuɗin da ke fita. Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu, da biro, sai kuma faɗa wa kai gaskiya.

Ba sai an ba mutumin Gombe labarin tsada ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Darajar naira ta faɗi. Kuɗin Keke Napep ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi, taki da magani suka bi sahu. A watan Yuli na 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma yawancinmu a wannan aji ba 'yan albashi ba ne. Abin da hannu ya samo yau shi ake ci yau. Wannan duk ba laifin maigida ba ne, ba kuma laifin uwargida ba ne. Sai dai akwai wata ɓaraka da ke cikin ɗakinmu, ita ce muke da ikon ɗinkewa.

Akwai wani ɗalibinmu mai gyaran babur a Pantami. Wata rana bayan an tashi ya tsaya ya ce mini, "Malam, wallahi ina samu, amma kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Kafin magariba aljihu ya bushe." Na ce masa ya yi mako guda yana rubuta duk abin da ya saya, ko da na naira 50 ne. Ya dawo da littafin duk baƙin mai a gefen shafi, lambobin wasu a tsaye wasu a kishingiɗe, amma ana karantawa. Muka zauna a kan benci muna dubawa. Kusan kullum akwai katin waya na 300, da lemon kwalba na 400, da tsire na 800 da dare a majalisa.

Ku lissafa tare da shi: 300 + 400 + 800 = 1,500. Idan aka yi haka kwana 30, 1,500 × 30 = 45,000.

Ya daɗe yana kallon lambar bai ce komai ba. Can ya ce, "Inna lillahi. Kuma fa maiɗakina kullum bashin mudun masara take karɓowa a shago." Ban ce masa ya daina cin tsire ba, mutum ba dutse ba ne. Shi da kansa ya mayar da shi ranar Juma'a kaɗai, kuma a gida, tare da yara.

Ga yadda za a tsara littafin. A ja layi a tsakiyar shafi daga sama zuwa ƙasa. A hagu a rubuta SHIGA, a dama a rubuta FITA, a saman shafi a sa kwanan wata. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya zana hoton abin, kamar kwano ko waya, ya sa lambar a gefe. A ƙarshen mako a raba abubuwan da ke ɓangaren FITA kashi uku. Kashi na farko shi ne dole: abinci, magani, haya, kuɗin makaranta, da jarin sana'a. Na biyu abin da zai iya jira, kamar sabon takalmi alhali tsohon bai tsinke ba. Na uku sha'awa. Ba a taɓa kashi na uku sai na farko ya cika. Jari kuwa ba a cinsa, ko da an yi baƙi.

Yanzu mu zo kan maganar da ta fi ta da ƙura a ajin mata, wato biki. Da na ambaci anko, wata matashiya ta ce, "To Malam, in ban yi ba me za a ce? Ƙawata ce fa ta ƙut da ƙut." Kafin in buɗe baki wata dattijuwa da ke sayar da ƙuli-ƙuli ta juyo ta ce, "'Yata, za a faɗa kwana biyu a manta. Mai bashi kuwa ba ya mantawa, har gida zai biyo ki." Aka yi dariya, amma matashiyar ba ta yi ba, domin a lokacin atamfar anko uku ke cikin akwatinta, biyu ba ta gama biya ba.

Abin nan yana ci mini rai. Na ga uba ya sayar da gona don kayan ɗaki, saboda 'yar maƙwabci an kai ta da kujeru da firiji. Na ga saurayi ya shekara yana biyan bashin lefe, amarya na ɗaki ba cefane. Ga gara, ga ɗinkin suna, ga kwalliyar da ake biya don yini ɗaya. Ba mugunta ke sa mu ba, kunya ce da gudun gori. Amma zumunci a ƙafa yake. Ki je da tsohuwar atamfarki wankakkiya, ki kama aiki a madafa, ki ba da gudummawar da za ki iya. Uwar biki mai hankali ta san wanda ya tsaya mata.

Addini ma bai ɗora mana wannan kaya ba. A Suratul A'araf, aya ta 31, an ce mu ci mu sha amma kada mu yi ɓarna. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an yabi bayin Allah da ba sa almubazzaranci idan za su ciyar, ba sa kuma ƙuntatawa, suna tsayawa tsakatsaki. Don haka darasin nan ba koyar da rowa yake ba. Maigidan da ya hana iyali abinci da sunan tattali ya kauce hanya. Ko layya, mai hali ake nema ya yi.

Sai maganar hatsi. Da kaka masara da gero da wake sukan yi sauƙi a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, idan damina ta yi nisa kuma su hau. Manomi da yawa kan sayar da komai da kaka saboda hidimar aure, sannan a watan Agusta ya dawo yana awo da tsada, wani lokaci hatsin da shi ya noma. Kafin a kai buhu ko ɗaya kasuwa, a fara ware abincin gida. Idan gida na cin mudu 2 kullum, wata guda mudu 60 ke nan. Wanda ba ya noma zai iya shiga adashi da mutanen da ya yarda da su, ya roƙi kwasarsa ta faɗo lokacin kaka. Wake kuma a shanya shi ya bushe sosai, a zuba a jarka mai murfi ko buhu mai leda a ciki, a ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba, don kada ƙwari su cinye.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a yi hattara da rancen da ake tallatawa a waya. Kafin ka danna komai, ka tambaya nawa za ka mayar, kuma yaushe. A ce ka karɓi 20,000 za ka biya 26,000. Nawa aka ɗora maka? Rubuta amsar a littafinka, sannan ka rubuta mudu nawa na masara wannan ƙarin zai saya a farashin unguwarku.

Aikin gida: daga yau zuwa zama na gaba, kowa ya rubuta SHIGA da FITA na kwana bakwai. Mai aure ya zauna da iyalinsa su cike tare bayan sallar isha'i. Ba za a karanta littafin kowa a gaban aji ba. Wanda lissafi ya rikice masa ya zo da wuri, ina nan tun bayan la'asar.